Shafi na Arba'in da Ɗaya

Vadakara, 3 ga Yuli, 1994

Bhaskaran,

Ina gaisuwa. Yau shekara goma sha ɗaya tun da ka ɗaga littafina a gaban abokanka likitoci ka ce, "Yayana ya zana taswirar aljanu." Suka kwashe da dariya, ina tsaye da kofin shayi a hannu.

Shekara uku na yi a makarantar likitanci kafin Baba ya kwanta. Na dawo na karɓi ɗakin maganinsa na gargajiya, kai ka tafi ka zama likitan ƙashi. Shekara ashirin ina ɗora marma ɗari da bakwai, wuraren nan da rai ke taruwa a jiki, bisa gaɓoɓin da na feɗe da hannuna a makaranta, ina zana su a littafin nan. Da dariya ɗaya ka gama da su.

Matata Sarojini ce ta matsa in rubuto. Ta zame a bakin rijiya, ta kasa takawa, gwiwa take kuka da ita. Marmar gwiwa ce ta bugu, ina dannawa ina shafa mai. Ba na neman komai.

Yayanka,
Achuthan

Madras, 12 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ka da ladabi, a yi mini sannu wurin matar Yaya. Ƙafar ta gajarce? Tafin ya juya waje? Don Allah ka ƙyale gwiwar, ka kai ta a ɗauki hoton ƙugu gobe. Tsohuwar maganar kuma mu yi ta daga baya.

Ƙanenka,
Bhaskaran

Vadakara, 29 ga Yuli

Bhaskaran,

Na ga takardarka. Daga Madras kake gano min ciwon matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita? Baba ya koya min cewa babban yatsa ba ya ƙarya, kuma inda na danna nan take ihu.

Na karanta mata. Ta ce, "Mai yatsa, wata guda kana murza ni kamar kwaɓin fulawa, ko ƙofa ban kai ba. Ka bi ta ƙanenka mana, hoto cizo yake?" Na ce ta sha kunun shinkafarta ta bar ni da aikina. Tana ɗan tari, damina ce.

Ka huta lafiya.
Achuthan

Madras, 6 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Buɗe littafinka, shafi na arba'in da ɗaya. Ka rubuta: "Jijiya ɗaya ke ratsa ƙugu da gwiwa. Ƙugu kan karye, gwiwa ta yi kukan. Mai hankali ya duba sama."

Na kwafe shafin nan tun kafin ranar dariyar. Da shi nake koyar da ɗalibaina, ban taɓa faɗin sunanka ba. Kunyar tawa ce, kada matar Yaya ta biya. Tarin nan ya tsorata ni. Ka ɗauko mota yau.

Ƙanenka mai neman gafara,
Bhaskaran

Vadakara, 20 ga Agusta

Bhaskaran,

Na buɗe. Rubutuna ne. Tun ranar shayin ban sake taɓa littafin ba.

Mun kai ta asibiti. Wuyan ƙashin cinya ne, can a ƙugu, a karye tun ranar rijiya. Suka ce doguwar kwanciya ta cika mata huhu, ba za ta jure tiyata ba. Gwiwar lafiyarta ƙalau.

Ranar Talata muka ƙona gawar Sarojini bisa al'ada, a kudancin gida, da itacen mangwaron da ta dasa.

Yayanka,
Achuthan