Baba, Na Ga Tauraruwar da Ta Hana Ka Shuka

Zuwa ga mahaifina, Malam Barau na Ƙarfi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Shekara uku ke nan da muka kai ka makwancinka, sai yau na samu bakin yi maka magana.

Baba, na ga tauraruwarka.

Ka tuna kakar nan da muke masussuka bayan magariba, ana ɗaure buhunan dawa? Ka ɗaga kai ka ga wani haske ya taso daga yamma, ba ya ƙyaftawa, ba ya faɗuwa, yana tafiya a natse har ya ɓace ta gabas. Kai da ka san Kaza da 'Ya'yanta kamar yadda ka san awakinka, ka ce ba ka taɓa ganin wannan ba. Sai ka ce, "Tawa ce ta tashi."

Daga ranar ka sauya. Ka ba Baffa Sale ƙanenka shanun huɗa. Irin kaurar da kake ɓoyo a rumbu ka rabar wa maƙwabta. Damina ta faɗi, ka ce wanda ba zai ga girbi ba me zai kai shi shuka.

Ni kuwa, ɗan boko mai shago a Funtuwa, na zo na tsaya maka a ka. Na ce camfi ne, ragowar abin da kakanmu ke yi tun gidanmu bai karɓi salla ba. A gaban mutane na faɗa, Baba, har da nuna ka da hannu. Na rantse ba zan sake taka gidan ba sai ka bar wannan magana. Ka san taurin kaina, wurinka na gado shi. Ka yi ta aiko da saƙo, kullum kalma ɗaya: "A ce wa Lawal gona na nan." Na yi kunnen uwar shegu. Damina biyu ka ƙara a duniya, ban zo ba sai da aka kira ni jana'iza.

Watan jiya wani malamin makaranta da ke sayayya a shagona ya sa mini wata manhaja a waya. Tana faɗa maka lokacin da kumbon 'yan sama jannati zai gifta ta saman garinku, da kusurwar da zai ɓullo. Ranar Talata ta ce ƙarfe bakwai da 'yan mintoci na dare, zai ɓullo daga yamma. Na hau babur na zo har masussukarmu, wadda ciyawa ta cinye. Ba kowa, daga ni sai sauro.

Wallahi ita ce. Tafiyar nan, hasken nan da ba ya ƙyaftawa. Ƙarfe ne, Baba, mutane ne a ciki suna cin abincinsu, kullum suna zagaya duniya, ba su ma san da Ƙarfi ba.

To, ga shi ni ke da gaskiya. Na juya in nuna maka wayar, kamar wani sakarai, sai na ga ba wanda zan nuna wa. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ka.

Ashe ba bayani kake nema ba. Tsufa ka ji a jikinka, tsoro ya kama ka, kana son ɗanka ya zo ya zauna kusa da kai. Ni kuma na tsaya gardamar tauraruwa har ka tafi.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna, in zo in durƙusa in ba ka haƙurin da na hana ka.

Ɗanka da ya makara,
Lawal