Marigayi a Bakin Get

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Jerin waɗanda jami'a ta ɗauka ya fito, babu sunan 'yata Khaula. Maki 268 ta ci, kuma karo na biyu ke nan tana neman karatun harhaɗa magunguna. Ɗan Dakta Abdulhakim mai 201 yana ciki. Gurbin 'ya'yan ma'aikata, in ji su, har da ragin rabin kuɗin makaranta. Yaron bai yi mini komai ba, kullum sai ya gaishe ni. Amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na je ofishin rajista. Shekara goma sha huɗu ina gadin get ɗin jami'ar nan, na ɗauka ni ma ma'aikaci ne. Matar da ke teburin ta juya katina gaba da baya ta ce, "Baba, kai na kamfani ne, ba sitaf ba." Wai kamfanin gadi ne ya ɗauke mu, jami'a hayarmu kawai take yi. Ɗan farfesa da ya tashi cikin littattafai shi ake ɗaga wa ƙafa, 'yar mai gadi da ta yi karatu da fitilar waya ta jira baɗi. Sata ce, sai dai an buga mata hatimi.

Talata, 20 ga Agusta
Uwar Khaula, Uwani, ta ce in yi wani abu. Sai ka ce jami'ar ta ubana ce.

Litinin, 2 ga Satumba
Dakta ya tsayar da mota a get ya kira ni gefe. "Malam Manniru, ina da sauran gurbi ɗaya. Amma doka ta ce sai ɗan cikinka ko maraya da kake riƙo. In an yi takardar rantsuwa a kotu cewa mahaifin Khaula ya rasu, zan sa ta." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ce Allah ya kiyaye, da raina da lafiyata.

Laraba, 11 ga Satumba
Khaula ba ta roƙe ni ba. Ta ajiye mini abinci ta ce, "Baba, ka bar shi, zan koyi ɗinki a Wuse." Da kuka ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 13 ga Satumba
Uwani ta shiga kotu ta rantse, ni na raka ta na tsaya a waje. A motar komawa unguwarmu Lugbe na karanta takardar. Ashe tun 2016 na rasu, a hatsarin mota. Har muka iso gida ba ta dube ni ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba
Yau Khaula ta fara zuwa jami'a, a gurbin Dakta. Tun a gida na ja mata kunne cewa a get ba ta san ni ba. Ta miƙo katinta, kanta a ƙasa, ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Na duba shi kamar na kowa na ce ta wuce.

Friday, abokin aikina, wanda ɗansa ya shekara uku a gida yana jiran gurbi, ya leƙa katin ya yi tsaki, ya ce da 'yar Hausarsa, "Yaran sitaf ke nan. Su ya cinye wurin yaranmu, Manniru."

Na ce masa, "Ka rabu da yarinyar mutane. Doka ce ta ba su."

Da bakina na faɗa, kuma ban ji kunyar da na zata zan ji ba.