Abin da Hancina Ya Ji a Dokki

Litinin, 1 ga Yuli
Zafi. Aikina dai a otal ɗin nan na unguwar Dokki bai canja ba, wanke tambulan masu doguwar ƙafa. Yau Ammu Fadl, dattijon da ke kula da giyar baƙi, ya kama ni ina shinshina wani kafin in wanke. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Me ka ji, ya ibni?" wato ɗana. Na ce ɗanyar gwaiba, da dutse in ruwan sama ya dake shi. Ya daɗe yana kallona.

Alhamis, 4 ga Yuli
Wadda na shinshina ran nan farar giyar inabi ce, launin ciyawar da ta fara bushewa. Ammu Fadl ya ce daga ƙasar sanyi take, gonakin a jikin tsauni, kogi a ƙasa. Wai a can inabi ba ya gaggawar nuna, shi ya sa tsaminsa ba ya gudu. Na zafi kuwa zaƙi kawai, kamar mai yawan surutu.
Ban gaya masa ba, amma garinmu Gembu na ji a ciki. Safiya, gajimare ya sauko har ƙofar ɗaki, Inna ta yafa bargo tana hura wuta.

Juma'a, 5 ga Yuli
Ishaq, abokin ɗakina a unguwar Abbasiya, ɗalibin fiƙihu ne. Ya ce, "Malam Badamasi, hanci ma fa ƙofa ce." Na ce ai ban sha ba. Ya ce akuya ma da shinshina take farawa. Mun yi dariya, amma a masallaci maganar ta zauna mini.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na yi mafarkin inabi ya fito a gonar shayi. Ina tafiya a ciki, ƙafata jiƙe da raɓa.

Laraba, 10 ga Yuli
Ammu Fadl zai huta, gwiwa ta hana shi tsayuwa. Yana so ya koya mini aikin, in bar wajen wanke-wanke, in sa farar riga. Sai dai mai wannan aiki dole ya ɗanɗana kowace sabuwar kwalba. Ya ce ba a haɗiyewa, kurɓa ake a juya a baki a tofar, har da ƙaramin bokiti na musamman. "Shekara talatin ina tofarwa, kuma ina salla." Asabar zan ba shi amsa.

Asabar, 13 ga Yuli
Ya zuba kaɗan ya miƙo. Sanyi har tambulan yana gumi. Na juya shi yadda yake yi, na kai hanci, tsaunin nan duk ya taso. Na kai har leɓe.
Na ajiye.
Na ba shi haƙuri, na ce, "Ma'alish, ya Ammu." Ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya dafa kafaɗata. Abokin aikina Harun za a ba aikin, wanda mura ba ta rabuwa da shi.

Talata, 16 ga Yuli
Alhamdulillahi, hankalina kwance. Na ma daina shinshinawa, ina ɗauka sai ruwa.
Ishaq ya tsinci toshiyar kwalbar farar giyar nan a aljihun jallabiyata. Na ce ta toshe ramin bahon wanki ce.
Bahon ba shi da rami. Ƙamshin ya fara raguwa, sai na rufe ido sosai nake jin gwaibar.