Dalilin da Ya Sa Mma Ba Za Ta Bar Nima Ba

Nima, Accra

Zuwa ga ƙanena Zulkarnaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sadia da 'yarmu Nadia. Allah Ya sauƙaƙa muku sanyin Hamburg, Ya sa albarka a cikin nemanka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yaya Idrisu yana nan yana fama da harkar doyarsa a kasuwar Agbogbloshie, ni kuma ɗinki ya yi mini yawa saboda bukukuwan da ke tafe. Hannun Mma ya yi sauƙi ƙwarai, an kwance ɗaurin, har tana jan carbi da shi. Tuƙin tuwo ne ba ta iya ba tukuna, kuma wannan ya fi ciwon damunta, don ta ce nawa tuwon ruwa-ruwa ne.

Ita ce ta sa ni rubuta maka. Ta ce a waya kai da ita kowa sauri yake yi ya faɗi tasa, ga layi yana yankewa, ku rabu ba wanda ya ji wani. Takarda kuwa za ka zauna ka karanta a natse, in ranka ya ɓaci ka ajiye, in ya huce ka sake ɗauka.

Tun ranar da santsi ya kayar da ita a tsakar gida lokacin ruwan nan mai yawa, na san hankalinka bai kwanta ba. Ba wanda ya ga laifinka da ka ce a mayar da ita sabon gidan da ka gina a Oyibi. Ni ma da farko bayanka nake. Ka san yadda unguwarmu take in gota, magudanar ruwan nan, ta cika, ka san lungunmu ba ya shigar mota, ranar nan a kujera maza suka ɗauko ta har bakin titi. Saboda haka na yi yadda ka ce, na ɗauki tasi na kai ta ta ga gidan.

Zulkarnaini, da ka ga fuskarta da ka yi kuka. Ta shiga kowane ɗaki da bisimilla, tana shafa bango da hannunta mai lafiya, tana cewa wai ɗanta ne ya yi wannan. Ta buɗe famfo ta yi alwala, ta tambayi alƙibla, ta yi nafila, ta daɗe tana yi maka addu'a da sunanka da na mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Daga nan muka zauna a baranda. Azahar ta yi, ta kasa kunne, sai can da nisa muka ji kiran salla kamar a mafarki. Ta tambaye ni su wane ne a bayan katangar nan, na ce ban sani ba. Ta tambayi mai gadi, shi ma ya ce bai taɓa ganinsu ba sai dai motarsu. Daga nan muka dawo gida.

Ranar Juma'a bayan la'asar, da matan da take koya wa karatu suka watse, ta tara mu a zaure, ni da Yaya Idrisu da jikoki. Ta fara ba mu tarihin gidan daga kan kakanta Malam Muftahu, wanda ya taso daga Kano tare da fataken goro ya zauna a Salaga, da ɗansa Malam Alidu, mahaifinta, wanda ya gangaro Accra ya kafa gidan nan tun Nima tana fili da ciyawa. Wannan duk mun sha ji. Abin da ban taɓa ji ba shi ne yadda kakarmu Muniratu ta shigo gidan. Mun san Bakotokola ce daga Sokode ta ƙasar Togo, shi ke nan. Ashe mijinta na fari ne ya rasu, ta taho Accra neman yayanta da ke aiki a bakin teku, ta tarar ya tashi ba wanda ya san inda ya nufa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin yaren Ga na mutanen Accra, ga zazzaɓi. Wata mai sayar da koko ce ta nuna mata gidanmu, ta ce can ba a korar baƙo. Uwar Malam Alidu ta shimfiɗa mata tabarma a ƙaramin ɗakin nan na kusa da zaure, ta yi jinyarta har ta warke. Bayan ta gama takaba da daɗewa aka ɗaura musu aure ita da Malam Alidu, aka haifi Mma.

Da ta kawo nan sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku duk jikokin baƙuwa ne. Da an rufe ƙofar nan ranar, da babu ni, babu ku." Har Yaya Idrisu da ba ya zama wuri ɗaya ya sunkuyar da kai.

Ka tuna muna yara muna ƙorafin baƙin da ba sa ƙarewa a ɗakin, ana rage mana nama don su? Har yau ɗakin bai taɓa zama ba kowa ba. Yanzu haka akwai wata Mariam daga Walewale, mai ɗaukar kaya a kasuwa, da aka same ta da tsohon ciki tana kwana a rumfa. A gidanmu ta haihu, Mma ce ta tauna dabino ta sa wa jaririn a baki. Mma ta ce in ta tafi Oyibi, wa za a nuna wa irin su Mariam? Matan da suka fara haɗa baƙi da furfura a kansu, wa zai ƙarasa musu izu? Ta ce mahaifinta bai bar mata gona ko shanu ba, ɗaki ɗaya ya bar mata da allo, ya ce ta riƙe su, kuma ba ta son ta je ta same shi hannu sake.

Ta ce in gaya maka da babbar murya cewa ba kyautarka ta ƙi ba. Ta karɓa, ta gode, ta sa albarka. Abin da take roƙo shi ne ka gyara mata tsakar gidan nan a daina santsi, a sa ƙarfen dafawa daga ɗakinta zuwa wurin alwala. Gidan Oyibi kuma, ko haya za ka bayar ko ku za ku zauna wata rana, ka ware ɗaki ɗaya ka ce na baƙo ne, don abin ya bi ka can. Ta ce ka riƙe salla a kan lokacinta ko da aiki ya matse ka, kada ka ɗaga wa Sadia murya a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba sai kai. Mu 'ya'yanta ukun nan kuma, ta ce in saɓani ya shiga, ƙarami ya fara sallama, babba kada ya ja rai. Ta ji daɗin Fatihar da Nadia ta karanto mata a waya, ta sa an maimaita mata har batir ya mutu. Sai dai ta ce ku riƙa yi mata Hausa a gida, don tana son jikarta ta tambaye ta labari da bakinta ba tare da tafinta ba.

Game da tsoron da kake yi na zamanta ita kaɗai, ka kwantar da hankalinka. Na yi shawara da maigidana Gafaru, ya yarda. Mun bar ɗakinmu na Maamobi, na dawo da kekena gida, a zaure nake ɗinki yanzu, ina jin tarinta daga inda nake. Da safe kuma na fara zama cikin ɗalibanta. Kunya nake ji, da girmana tana gyara mini harafi, amma ta ce ita ma haka ta fara a gaban mahaifinta.

Akwai abu ɗaya da ba ta sa ni in rubuta ba, ni ce na ga ya kamata. Mma ta tsufa fiye da yadda kake ganinta a waya, don kullum sai ta ɗaura sabon kallabi ta gyara zama kafin ka kira. A zaune take salla yanzu. Ka san jiragen sama ta kanmu suke bi in za su sauka. Duk wanda ya wuce, ko tana tsakiyar magana, sai ta yi shiru ta ɗaga kai har ƙararsa ta ɓace, sannan ta ci gaba. Ba ta taɓa cewa komai ba, kuma ba za ta ce ba, don ba ta son ta ɗora maka nauyi. Ni nake roƙonka, ka nemi hutu kafin azumi, ka taho da Sadia da Nadia.

Yaya Idrisu da iyalinsa suna gaishe ku. Gafaru yana gaisuwa, haka yaranmu su Razak da Nashiru. Anti Dede maƙwabciyarmu ta ce in gaishe da ɗanta na Jamus. Ka miƙa gaisuwata ga Sadia, ka shafa mini kan Nadia. Mma ta ce Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ka zo, ƙanena, tun tana iya tashi ta tarye ka a bakin zaure.

Yayarka,
Barikisu