Rigar Ulun da Na Saƙa wa Kwamfutar Vaila

Walls, Shetland
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Merran,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ɗanki Magnie da iyalinsa. Allah ya sassauta miki ciwon ƙugun nan, ya sa sanyin da kuka shiga can New Zealand ya zo da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Lowrie yana nan da tarinsa da gardamarsa. Tumaki sun haihu lafiya, sai guda ɗaya da ta ƙi ɗanta, muka raine shi da kwalba a kicin. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girmana na koye shi, amma wannan magana ban so kowa ya rubuta mini ita ba.

Tun da muka yi waya hankalina bai kwanta ba. Kin ce kin fasa zuwa bana, tunda ƙugunki ba zai jure kwalekwale zuwa tsibirinmu Skarvay ba, ƙaramin jirgin saman da 'yata Vaila take tuƙawa kuwa ba za ki shiga ba, wai ba za ki damƙa ranki ga irin kwamfutar hannun da jikokinki ke kallon wasan yara a ciki ba. Ban ga laifinki ba. Ni da na haife ta, har yau in na ji ƙarar jirgi sai na ajiye saƙa na fita ƙofa. Amma Yaya, shekarunmu sun ja. In ba bana ba, yaushe za ki tsaya a kabarin Mama? Shi ya sa na ce wa Vaila ta fara kai ni, in gano miki da idona.

Ta zaunar da ni a teburin kicin ta nuna mini abin. Taswira ce a ciki, da ɗan jirgi shuɗi da ke nuna inda mutum yake. Tana nuna hazo, da ƙarfin iska, da tsayin duwatsu, da jiragen da ke kusa. Da kaina na karanta sunan Skarvay a jikin gilashin. Cikin hira ta ce sanyi yakan shanye mata batir da wuri. Ai kuwa kin san hali. Na ɗauko ragowar zaren ulu na saƙa wa kwamfutar riga mai kauri, irin zanen da Mama ta koya mana, na bar fuskar a buɗe. Lowrie ya ce saura in saƙa wa jirgin safa da hula. Vaila ta yi ta dariya, ta ce a gidanmu ko cokali ba ya kwana ba riga, amma ta saka mata don kada raina ya ɓaci.

Ranar da muka tashi gari ya yi kyau, rana tana dukan gilashin jirgin har na cire mayafina. Muna tsakiyar teku, ba ƙasa gaba ba ƙasa baya, sai taswirar ta ɓace. Wani rubutu ya fito, na haɗa shi a hankali: wai ta yi zafi, sai ta huce. Na kama addu'a da ƙarfi, na manta duk abin da na faɗa yana shiga kunnen Vaila ta na'urar magana da muka sa a kunne. Ita ko muryarta ba ta canja ba. Ta ce in ci gaba da addu'ar, amma in tuɓe wa jikar tawa, wato kwamfutar, riga in riƙe ta a bakin 'yar kafar da iska ke shigowa. Sai a lokacin na lura da taswirar takarda a cinyarta, ta ja hanyarmu da fensir tun a gida. Wayarta ma da taswirar a ciki, ga agogunan jirgin suna aikinsu, ga mutumin filin jirgi da ke magana da ita ta rediyo, ya san inda muke. Ta ce mini inji da fukafukai ba su ma san da wata kwamfuta ba, ita mai taimako ce kawai, kuma duk matuƙin kirki yana tashi ne da shirin za ta iya mutuwa. Kafin mu hango duwatsun Skarvay ɗan jirgin shuɗi ya dawo, daidai kan layin fensirinta. Da muka sauka ta ce laifinta ne, ta san ulu da rana ba sa haɗuwa, kunyata ta ji. Lowrie kuwa ya samu abin faɗa har Kirsimeti.

Abin da na fi jin tsoro ya faru a gabana, Yaya, kuma ko girgiza jirgin bai yi ba. Vaila ta zagaya ta tabbatar ba tumaki a filin ciyawar da ake sauka, ta ajiye mu a hankali. Tafiyar duka ba ta kai tsawon wa'azin Lahadi ba, kujerar kuma ta fi ta coci laushi. Vaila ta ce za ta sa miki matashi da ɗan matakala, kuma in akwai hazo ba za ta tashi ba ko za ki zage ta.

Na je wurin Mama. Dutsen kabarin ya ɗan karkata, furannin nan jajaye sun fito kewaye da shi. Na kankare gansakuka a gefen sunan Baba, na bar gefen sunanta ban taɓa ba. Wannan aikinki ne, kuma ba zan bar kowa ya yi shi ba. Ki sa Magnie ya nema miki tikitin Agusta.

Ki gaishe mini da Magnie da matarsa Ruby da yara. Lowrie yana gaishe ki, ya ce ya ajiye miki cinyar busasshen naman tunkiya. Vaila tana gaida babbar innarta. Rigar ulun kuwa ta zauna wa butar shayi cif, sai ka ce don ita na saƙa. A cikinta zan dafa miki shayin sauka.

Ƙanwarki mai zuba ido,
Osla