Na ce Sale ya ba ni asiri a goro, alhali likita ya gaya min gaskiya

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, masu karatu kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni. Yaƙi da jahilci kawai na yi, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ni mawaƙin noma ne a wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Fiye da shekara talatin ina bin gayya da ganga, ina da ɗan amshi, zan kira shi Sale. Damina biyu da suka wuce, muna tsakiyar gayya, na ɗaga murya zan yi wa wani manomi kirari sai ta tsinke, iska kawai ke fita. Sale ya karɓe waƙar ya ƙarasa ta, manoma suka ɗaga garemani suna yi masa jinjina, ni ina tsaye kamar baƙo. Da safiyar ranar kuwa Sale ya ɓara goro ya ba ni. Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Ran kasuwa na faɗa a majalisa cewa wani abu ya sa min a goron. Wallahi ban ga komai ba, zafin jinjinar nan ne ya ci ni. Kafin sati maganar ta gama ƙauyuka. Aka daina kiransa gayya, aka daina cin tuwo da shi, har ƙuliƙulin matarsa mata suka bar saye, ga shi a shekarar taki ya gagari talaka, abinci ya yi tsada.

Da muryar ta ƙi dawowa, na hau mota na je asibiti a Kano ban gaya wa kowa ba. Likita ya leƙa maƙogwarona ya ce kumburi ne, na daɗe ina ihu a kan ganga, ga shekaru. Na tambaye shi ko abin da aka ci zai iya jawo haka, ya ce a'a. Ya sa na yi makonni ba na magana sai dole, ina shan ruwan ɗumi, na bar yawan kakari. Daga nan na fara shiga cikin dawata ina gunguni a hankali, na sauke waƙoƙina ƙasa, na koyi ajiye numfashi kamar sabon shiga. Muryar ta dawo, mai kauri, ba irin ta da ba. Sai mutane suka ce ai asirin Sale ne ya karye. Ni kuwa na yi shiru, har ina amsa barka. Wane irin mutum ne ni?

Shekaranjiya ina gonar sai ga Sale, ya rame. Ya gaishe ni ya ce, "Yaya, yadda ka sauke waƙar ta fi dacewa da kai. Amma numfashinka ba ya kai ƙarshen baiti. In ka yarda, ran Asabar a gayyar mai unguwa in riƙa karɓar maka."

Na ce zan yi tunani. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Ta yaya ya san na sauke waƙar? Laɓewa yake yi a cikin dawa yana saurarena? Direban da ya kai ni Kano ɗan'uwan matarsa ne, ko ya ga inda na sauka? So yake ya tsaya a bayana gaban jama'a ya tona ni, ko kuwa yunwa ce ta kawo shi? Kuma in faɗi gaskiya, har yau akwai inda zuciyata ke tambaya me ya sa sai ranar ce muryar ta tsinke.

In na faɗi abin da likita ya ce, na zama maƙaryaci a gaban jikokina, wataƙila babu mai sake kirana. In na yi shiru, Sale zai mutu da sunan mai sammu, ni kuma in tarar da haƙƙinsa a gaban Allah. Asabar saura kwana uku, kuma na san ba zan iya kai waƙar ni kaɗai ba.

Me zan yi?