Goshin Rabi

Alhamis, bayan isha'i, Tsanyawa.

Yau bakina ya yi ɓarna. Mun kai na'urar auna launin fata gidan Inna Kulu, saboda bincikenmu kan yadda rana ke ƙona fatar mutanen karkara. Aikin ba wuya: a ɗora ta a goshi, a ɗora a cikin damtse inda rana ba ta kaiwa, a rubuta lamba. Kowa goshinsa ya fi damtsensa duhu.

Sai aka zo kan Rabi, matar ɗan Inna. Nata goshin ya fi damtsen haske nesa ba kusa ba. Ni kuma, mai digiri har biyu, na ce da ƙarfi, "Ikon Allah, ke taki a juye take!"

Inna ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa, ta dubi Rabi. "Au, ba kin ce farin naki gadon kakarki ne ba?"

Rabi ta sauke hannun rigarta. Shekara uku tana ɓoye man bilicin ɗinta, na tona ta cikin daƙiƙa biyu.

Ta rako ni har zaure, ta ce a hankali, "Anti, don Allah ki koma ki ce injin ne ya lalace."

Na ce mata injin ba ya ƙarya. Har da ɗan alfaharina na faɗa.